Kafin ka ƙwace waya ko ka sakar wa yaro ita: magana kan manhajojin haɗa gem



Yau ba maganar caji ko fashewar gilashi za mu yi ba. Magana ce da iyaye da yayyen yara, musamman mu na yankin Ka'oje, Bagudo, Illo, Lolo da Tsamiya, har da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka wajen Segbana da ke karanta Hausa. Akwai wasu manhajoji da ake cewa suna koya wa yaro haɗa gem da kansa, maimakon buga wanda wani ya haɗa. Sai ka ga uba ya yi faɗa, yaro ya ce masa, "Baba, wanga ba wasa ba na, kodin nika koyo." Uba ba ya da hanyar tantancewa. Ƙarshe ko dai ya ƙwace wayar gaba ɗaya, ko ya sakar masa ita yana ganin ɗansa ya kama hanyar zama injiniya.

A ganina duka biyun an yi gaggawa. Wani lokaci yaron gaskiya ya faɗa, wani lokaci kuma wayo ne kawai, kuma za ka iya gane bambancin cikin minti biyar ko da ba ka jin Turanci ko kalma ɗaya.

Mu fara da abin da ake nufi da haɗa gem. Duk gem da ka gani a waya umarni ne a jere: idan an taɓa nan, abu kaza ya yi tsalle, idan ya ci karo da wancan, a ƙara maki ɗaya, idan lokaci ya ƙare, a tsayar da wasa. Manya suna rubuta waɗannan umarnin da rubutu mai wahala. Don yara sai aka mayar da su kamar tubali masu launi, yaro yana jan su da yatsa yana ɗora wani kan wani. Wadda ta fi shahara a wannan fanni ita ce Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mitchel Resnick. Kyauta ce, an tsara ta don 'yan shekara 8 zuwa 16, kuma a jerin harsunanta akwai Faransanci, akwai Larabci, har da Hausa. A 2014 aka fitar da ƙanwarta ScratchJr don 'yan shekara 5 zuwa 7, wadda tubalanta hotuna ne zalla, ba sai yaro ya iya karatu ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Waɗannan biyun an tsara su ne don kwamfuta da babbar waya mai faɗin allo, irin wadda muke kira tab. Gida nawa ne a Ka'oje ke da su? Abin da ke hannun mutanenmu itel ce, Tecno ce, Infinix ce, wata mimorinta ya cika da bidiyon biki da wa'azi, kuma sau da yawa waya ɗaya ce ta maigida ko ta uwargida, yara suna aro. Don haka duk wanda ya kwafo maka shawarar da aka rubuta don iyayen Landan ko na Legas, ya ce ka saya wa yaro kwamfuta ka sa masa Scratch, bai yi maka komai ba.

Akwai guda biyu da aka yi su don ƙaramar waya tun asali, kuma su nake ba da shawara.

Ta farko OctoStudio. Mutanen da suka yi Scratch ne suka fitar da ita a watan Oktoba 2023. Kyauta ce, ba talla a ciki, ba a buɗe asusu, ba a neman lambar waya, kuma da zarar ka sauke ta ba ta buƙatar data. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi komai muhimmanci a wurinmu, zan dawo kansa. Abin da ya sa nake son ta shi ne tana amfani da abin da ke kewaye da yaro. Zai iya ɗaukar hoton akuyar gidanku ya sa ta cikin gem, ya naɗi kukanta da makirfon ɗin wayar, ya sa ta motsa idan an karkata wayar ko an girgiza ta. Ta biyu Pocket Code, aikin wata ƙungiya mai suna Catrobat da ta samo asali daga jami'ar fasaha ta birnin Graz a ƙasar Ostiriya. Ita ma kyauta ce, ana haɗa gem a cikinta ba tare da data ba, amma ta fi zurfi, ta fi dacewa da ɗan sakandare wanda ya fara fahimtar lissafi. Tana da wani sashe na intanet inda ake ɗora abin da aka haɗa, wannan sai da izininka.

Bari in kwatanta yadda aikin yake, don uba ya san abin da ya kamata ya gani a allon. A ce yaro yana son gem na kwale-kwale da zai tsallaka kogin Kwara yana kauce wa dorina. Dole ya fara zana ruwa ko ya ɗauki hoto. Sai ya sa kwale-kwalen, ya ba shi umarnin bin karkatar waya. Sai ya sa dorina ta riƙa kai da komo, wato ya koyi umarnin maimaitawa. Sai ya ce idan kwale-kwale ya taɓa dorina a koma farko, wato ya koyi sharaɗi. Sai ya ga yana son maki, dole ya buɗe wani ɗan akwati da ke riƙe lamba yana ƙara ta. Da ya gwada, sai dorina ta fice daga allo ba ta dawo ba. Nan ne karatun yake. Zai zauna ya bi tubalan ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda ya karkace. Irin abin da muke yi ke nan a shago idan waya ta ƙi kawo wuta: a gwada batir, a gwada bakin caji, a bi layi da mita har a kai ga inda wutar ta tsaya. Wanda bai da haƙurin bin abu daki-daki ba ya gyaran waya, kuma ba ya haɗa gem. Ni a wurina wannan haƙurin shi ne ribar, ba gem ɗin ba.

Kuma ba dole sai gem na gudu da tsalle ba. Yaron da ke taya babansa tsaron shago kusa da iyaka zai iya haɗa ɗan abin da ke canza naira zuwa sefa, ya bar gurbin da za a sa farashin ranar tunda kullum canzawa yake. Wata za ta iya haɗa tambaya da amsa na jadawalin sau don ƙannenta, da muryarta, da Hausa ko Fulatanci ko Dandanci.

Yanzu ga gwajin minti biyar da na faɗa. Kada ka tambayi yaro "mi kaka yi?", don zai ce maka kodin. Ka ce masa, "Gwada mani abin da ka haɗa." Idan ya nuna, ka ce ya canza wani abu a gabanka: ya ƙara wa dorina gudu, ya mayar da maki biyu-biyu, ya canza kalar ruwa. Wanda shi ya haɗa zai buɗe tubalan nan take, har yana ɗoki yana yi maka bayanin da ba ka tambaya ba. Wanda bugawa kawai yake yi zai fara kame-kame. Inna da ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya wannan gwajin, kamar yadda take gane yarinyar da ta iya tuwo da wadda ta ɗauko na maƙwabta.

Sai maganar Roblox, wadda ita ce ta fi rikita iyaye. Yara suna ganin bidiyonta a YouTube da TikTok, suna jin ana cewa a Roblox yara ke haɗa gem har su samu dala. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Roblox ta fito tun 2006, kuma gaskiya ne gem ɗin da ke cikinta masu amfani da ita ne ke haɗa su. Sai dai abin da ake haɗa su da shi wata manhaja ce daban mai suna Roblox Studio, kuma a kwamfuta take aiki, mai Windows ko Mac. Wadda ke Play Store, wadda yaronka ya sauke a wayarka, ta bugawa ce. Don haka idan yaro ya ce maka yana koyon haɗa gem a Roblox alhali waya ce kaɗai a hannunsa, wasa yake yi, ko da shi kansa bai gane ba.

Kuma wasan nata ba irin na ƙwallo ba ne da za ka buga kai kaɗai. Dole sai da data a buɗe, kuma cikin mutane kake shiga, yara da manya daga ko'ina a duniya, ana hira. Wannan hirar ita ce ta jawo mata ƙorafi. A watan Agusta 2024 ƙasar Turkiyya ta toshe Roblox saboda kare yara, a Agusta 2025 Kuwait da Katar su ma suka toshe ta, a Amurka kuma jihar Luwiziyana ta kai kamfanin kotu a wannan watan kan zargin rashin kare yara daga miyagun manya. Kamfanin ya yi gyare-gyare. A Nuwamba 2024 ya hana 'yan ƙasa da shekara 13 tura saƙon kai tsaye a wajen gem, ya kuma ba iyaye damar haɗa asusunsu da na yaro su riƙa saita masa daga tasu wayar. Amma ka lura, yawancin wannan kariyar tana dogara ne da shekarun yaro na gaskiya, mu kuwa mun san yadda ake buɗe asusu a nan: yaro ɗan shekara 10 ya sa shekarar haihuwar yayansa, ko mai shago ya cika masa kowace shekara ta zo hannu don a wuce wurin da sauri. 'Yan uwana masu gyara da masu tura fina-finai, wanga aiki namu ne, mu daina.

Maganar dala kuma, akwai kuɗin cikin gem da ake kira Robux, da kuɗin gaske ake sayensu. Mai haɗa gem yana iya mayar da wanda ya samu zuwa kuɗi, amma sai ya kai shekara 13, kuma sai ya tara akalla Robux 30,000 daga abin da mutane suka kashe a gem ɗinsa. Yaro mai aron wayar uwarsa a Ka'oje ba ya cikin wannan lissafin. Abin da zai same shi shi ne masu yaudara da ke cewa "shigo nan ka samu Robux kyauta", su karɓi kalmar sirri ko su sa shi ya sauke wani abu.

Ban ce Roblox Studio ba ta da amfani ba. Matashi ɗan shekara 15 ko 16 da ya samu kwamfuta, a Birnin Kebbi ko a makaranta, zai koyi rubuta umarni na gaske a ciki. Amma ɗan firamare da wayar gida, ni dai ba zan sa masa ba.

Minecraft kuwa gini ake yi a ciki da tubala, kuma tana buɗe tunani, shi ya sa Microsoft ya saye ta a 2014 kan dala biliyan 2.5. Amma ta kuɗi ce a Play Store. Tunda ta kuɗi ce, abin da ke yawo a hannun yaranmu ba ta ainihi ba ce, wadda aka fasa ce, wani ya sauko da ita daga wani shafi da ba a san mai shi ba, aka yi ta tura ta da Xender daga waya zuwa waya. Wannan shi ne abin da na fi gani a kan teburina. A kawo waya a ce tana zafi, batir ba ya kai azahar, talla na faɗowa ko ba a taɓa komai ba, wani lokaci tallan ma na batsa ne a wayar dattijo, ko kuma kati na ƙarewa ba a yi kira ba. Ka duba sai ka tarar da wani gem da aka fasa, da wata manhaja marar suna marar hoto da ta shigo tare da shi, an ba ta izinin karanta saƙonni. A wayar da ke da manhajar banki, wadda lambar tabbatarwa ke shigowa ta saƙo! Mutum ya sayar da shinkafarsa ko sansa, kuɗin na cikin asusu, wayar kuma na hannun ɗan shekara tara. Laifin ba na masu gem ɗin ainihi ba ne, kuma ba na yaron ba ne, shi ya ga abokinsa na bugawa ne kawai.

Don haka ga abin da za ka yi a wayar kafin ka miƙa ta. Sunayen na iya ɗan bambanta daga waya zuwa waya, idan ba ka gani ba ka rubuta sunan a wurin bincike na cikin Settings.

Ka sauke manhajar da kanka daga Play Store, kada a turo maka. Bayan nan ka nemi Install unknown apps a Settings, ka kashe izinin ga Chrome da Xender da mai buɗe fayil, yadda ba abin da zai shiga ta bayan gida. A cikin Play Store ka danna hotonka na sama, ka shiga Settings, sai Family, sai Parental controls, ka sa lambar sirri wadda yaro bai sani ba, ba shekarar haihuwarka ba kuma ba 1234 ba. Idan akwai katin banki a haɗe da asusunka, ka kunna neman tabbatarwa kafin kowane saye.

Amma wanda ya fi duka, kuma mutane kaɗan suka san shi, shi ne App pinning, wasu wayoyin suna rubuta Screen pinning, yawanci yana ƙarƙashin Security. Idan ka kunna shi, ka zaɓi a nemi lambar buɗe waya kafin a cire. Sai ka kashe data, ka buɗe OctoStudio, ka danna maɓallin da ke nuna manhajojin da ke buɗe, ka taɓa tambarinta ka zaɓi Pin. Shi ke nan, wayar ta kafe a wannan manhajar. Yaro ba zai iya fita zuwa WhatsApp ɗinka ba, ba zai ga hotunanka ba, ba zai jawo saman allo ya kunna data ba. Ka ga amfanin manhajar da ba ta son intanet: ba baƙon da zai yi masa magana, ba talla, ba abin saye. Ga kuma sauƙin aljihu, tunda tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairu 2025 kowa ya ji a jikinsa. Mu na bakin iyaka muna da ƙarin dalili, don wani lokaci waya kan kama sabis ɗin Benin ba ka sani ba, idan kuwa an bar data a buɗe a hannun yaro a irin wannan lokacin, katinka ne zai biya.

Idan yaron yana da wayarsa ta kansa, to Family Link ta Google ce maganin. Za ka buɗe masa asusun yaro da shekarunsa na gaskiya, ka haɗa da naka, daga wayarka ka ƙayyade awa nawa zai yi a rana, ƙarfe nawa wayar za ta kulle da dare, kuma ba zai sauke komai ba sai ka amince. Saitin farko yana son sabis mai ƙarfi da ɗan haƙuri, gara a yi shi da sassafe.

Na san abin da wasu iyayenmu za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Za su ce yaro na da makarantar boko da safe, Islamiyya da yamma, allo da dare, ga gona ga kiwo, ina lokacin wasa da waya? Kuma wayar da aka biya kuɗi aka yi mata caji a shago, a ba yaro ya cinye? Gaskiya ne. Ban ce a rage ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Rabin awa zuwa awa ɗaya, sau biyu ko uku a mako, ranar Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya, ya isa. Kuma a tsakar gida, inda ake ganinsa, ba cikin ɗaki a ƙarƙashin bargo ba. Ƙananan yara kuwa a bar su tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ita dai hukumar ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka, wato lokacin da mutum ya kasa dainawa har ya bar abinci, barci da karatu. Haɗa gem ma yana iya kama yaro haka, don haka idan ka ga ya fara fushi da kiran salla ko aike saboda waya, a ajiye ta mako guda, ba sai an yi dogon bayani ba.

Inda na saba da masu cewa a hana gaba ɗaya shi ne nan. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta baki ɗaya. Kowa a yankin nan ya san ɗalibi mai ƙoƙari da ya je cibiyar jarrabawa a birni, ranar ce ya fara zama gaban kwamfuta, hannu na rawa, lokaci na tafiya. Sabon tsarin karatu da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 ma ya sa ilimin fasahar zamani a ciki, har da gyaran waya da haɗa sola cikin sana'o'in da za a koyar (wannan kam ya yi mani daɗi). Amma sanarwa daga Abuja daban, kwamfuta da wuta a ajin ƙauye daban. Kafin su iso, abin da muke da shi shi ne wayar da ke aljihunka. Yaron da ya saba ba na'ura umarni tana bi ba zai ji tsoronta ba ranar jarrabawa. Kuma idan ka hana shi a gida, ba ka hana shi waya ba, ka dai tura shi wurin ta abokinsa, wadda ba wanda ya saita.

Haka kuma ban yarda da masu zuzuta abin ba, masu cewa yaro zai zama attajiri da kodin. Mafi yawan yaran da za su taɓa waɗannan manhajojin ba za su zama masu haɗa manhaja ba, kamar yadda ba duk wanda ya koyi lissafi ke zama akanta ba. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi a sa ɗanka a wani aji na WhatsApp don ya fara samun dala da gem, ka riƙe kuɗinka. OctoStudio, Pocket Code, Scratch da ScratchJr duk kyauta ne.

Abu ɗaya da nake roƙon iyayenmu mata da maza: idan za a ba da aron wayar, a ba 'yan mata su ma. A gidaje da yawa namiji ne ke riƙe waya, mace tana leƙe ta kafaɗarsa. Dalilin da ake bayarwa shi ne tsoron samari da hira, kuma tsoro ne mai tushe. To manhajar da aka kafe, data a kashe, ba ta da ƙofar da wani zai shigo. Idan yaran biyu ne ko uku, a haɗa su kan waya ɗaya, ɗaya ya yi zane, ɗaya ya naɗi murya, ɗaya ya jera tubala, a riƙa juyawa. Idan kuma za su ɗauki hoto don sa wa cikin gem, su ɗauki na kaza, na keke, na kwando, ban da fuskarsu ko ta mutanen gida, saboda OctoStudio tana iya fitar da aikin a matsayin bidiyo, kuma ranar da ya fita zuwa WhatsApp ba ka da iko da inda zai tsaya.